RA'AYI: Littattafan Kasuwar Anacha Suna Kansas, Na Kano Kuma Suna Hannun Mai Ƙosai

Wanda ya sauka a Head Bridge, bakin gadar Anacha, da sassafe, zai fara cin karo ne da tirelolin albasa da tumatur da shanu da suka kwana a hanya daga Arewa, da hayaniyar 'yan dako, da Hausar Sakkwato da ta Kano suna cuɗanya da Ibo da Turancin buroka. Tun da aka kammala gadar a 1965 wannan lungu ya zama ƙofar shiga ƙasar Ibo ga mai fitowa daga Asaba, kuma Hausawa sun daɗe da kafa zango a wurin. Fatauci ne ya tara kowa, saboda haka ba a cika jin ana zancen littafi ba. Amma 'yar tafiya kaɗan daga nan babbar kasuwar Anacha take, inda daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka riƙa buga ɗaruruwan ƙananan littattafai masu zane a bango, ana sayar da su a kan sulalla kaɗan. A yau mai son ya ga tarinsu a kimtse, ya fi masa sauƙi ya nufi Jami'ar Kansas a Amurka ko babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan da ya nufi Abuja.

Wannan magana ta shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye, domin su ne ke rubuta kasafin kuɗi da takardun shawara da ke yanke abin da ƙasa za ta adana da abin da za ta bari gara ta ci. Kuma akwai abin dubawa a labarin mujallun zane na ban tsoro na Amurka, waɗanda aka tsana a zamaninsu fiye da yadda aka taɓa tsanar littattafan Anacha.

Daga 1950 kamfanin EC Comics na William Gaines ya riƙa fitar da mujallu uku na labarin zane, Tales from the Crypt da The Vault of Horror da The Haunt of Fear, kowacce a kan santi 10. Labaran fatalwa ne da gawarwakin da ke tashi daga kabari su rama zaluncin da aka yi musu, kuma kusan kullum mugu shi ke kwana ciki a ƙarshe. Abin da ya bambanta kamfanin da takwarorinsa shi ne ya bar masu zane su sa hannu a aikinsu, har yara masu karatu suka iya bambance alƙalamin Jack Davis da na Johnny Craig da na Graham Ingels daga kallo ɗaya. Iyaye da malaman coci kuwa ba su ga fasaha a ciki ba. Tun a 1948 an tara mujallun zane an banka musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton a jihar New York. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent yana ɗora wa mujallun alhakin lalacewar yara, a watan Afrilun shekarar kuma wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a New York. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wa Gaines wani bango da Craig ya zana, na mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace, shi kuwa Gaines ya tsaya a kan cewa bangon bai wuce gona da iri ba a mujallar ban tsoro. Wannan amsa ta gama da shi. Kafin shekarar ta ƙare masu ɗab'i sun kafa wa kansu hukumar tacewa da ta hana irin waɗannan labarai, Gaines ya rufe mujallun uku, a 1955 Birtaniya ma ta yi dokar hana irinsu. Ingels, wanda ya fi kowa iya zana ruɓaɓɓiyar fuska, ya koma Florida yana koyar da zane, ya ƙi yarda a ƙara yi masa zancen.

Sai dai Gaines ya yi wani abu guda da ya ceci aikin: bai jefar da asalin zanen hannun ba, kuma ya ɓoye kwafi 12 na kowace fitowa. Da yaran da suka karanta mujallun suka girma suka yi kuɗi, sai suka shiga nemansu, aka sake buga su daga asalin zanen a manyan kundaye, jami'o'i suka fara nazarinsu, kwafin da ya ɓoye kuma suka zama abin rububi a wurin gwanjo. Kasuwar tsofaffin mujallun zane ta kai inda a Afrilun 2024 aka sayar da kwafi ɗaya na Action Comics na 1938, wanda Superman ya fara bayyana a ciki, a kan dala miliyan 6. Mutum biyun da suka ƙirƙiri Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sallama haƙƙinsa. Wannan ita ce illar soyayyar masu tarawa: takan zo a makare, kuma ribarta ba ta cika isa ga mai alƙalami ba. Duk da haka ba don su ba, da babu abin da ya rage da za a yi jayayya a kansa.

Littattafan Anacha ba mujallun zane ba ne irin na Amurka, amma dangi ne na kusa: takarda mai arha, ɗab'i na gaggawa, bango mai jan ido, da masu karatu 'yan makaranta da akawu-akawu da yaran shago. Akwai na soyayya, da na koyon rubuta wasiƙa, da na gargaɗi a kan kuɗi da matan birni, da wasannin kwaikwayo a kan mutuwar Patrice Lumumba. Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali, wanda ya fito a 1956, yana cikin waɗanda suka fi kasuwa. A nan Cyprian Ekwensi ya fitar da When Love Whispers kafin duniya ta san shi, kuma Ekwensi ba baƙon Arewa ba ne: a Minna aka haife shi a 1921, shi ne ya rubuta The Passport of Mallam Ilia. 'Yan boko na lokacin sun yi wa littattafan dariya saboda karyayyen Turancinsu. Yaƙin basasa ya zo, kasuwar ta ƙone, madaba'u suka watse, sana'ar ba ta ƙara komawa yadda take ba. Abin da ya tsira da yawa shi ne wanda malaman jami'a da baƙi suka saya suka sa a akwati, kuma da irin wannan tari ne Emmanuel Obiechina ya rubuta nazarinsa na 1973. Marubutan dai an san sunayensu, ko da wasu na aro ne. Masu zana bangon kuwa yawancinsu sun tafi ba suna.

Nijeriya ta yi mujallun zane na sosai ma. Dattawan da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 ba su manta da African Film ba, mujallar labari cikin hotuna ta kamfanin Drum, da jaruminta Lance Spearman, wadda ake karɓa hannu zuwa hannu har ta yage. A 1975 aka fara buga Powerman don kasuwar Nijeriya, kuma masu zana shi Turawan Ingila ne biyu matasa, Dave Gibbons da Brian Bolland. Gibbons shi ne daga baya ya zana Watchmen, don haka masu tarawa a Turai suna neman Powerman saboda sunansa, alhali a ƙasar da aka yi mujallar dominta da wuya a sami cikakken jerinta. Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976. Kafin su duka akwai Akinola Lasekan, mai sa hannu da Lash, wanda zanen barkwancinsa a jaridar West African Pilot ya dami Turawan mulki tun shekarun 1940.

Mai karatu Bahaushe yana iya cewa wannan duk labarin kudu ne. Ba haka ba ne, domin abin da ya sami Anacha yana samun Kano yanzu, a gaban ido. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka buɗe wani babi da masu suka suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, suna kwatanta shi da na Anacha, kuma ba da nufin yabo ba. Bayan soyayya akwai littattafan yaƙi da na aljanu da matsafa, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, masu bangon da aka zana da hannu: dodanni masu ƙaho, sadaukai da takubba, sarauniyar aljanu a kan karaga. Nan ne ainihin takwaran mujallun ban tsoro a ƙasar Hausa. Waɗannan littattafai sun bi motocin kaya sun isa duk inda Bahaushe ya yi zango, daga Head Bridge zuwa unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu, inda mai gadi da mai shayi da matar aure a ɗaki suka sami abin ɗebe kewar gida. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara wasu daga cikin littattafan Hausa an ƙone su a bainar jama'a a Kano, kusan shekara 60 bayan wutar Binghamton. Abin da wuta ta bari kuma wayar hannu ta ƙarasa, domin karatun ya koma WhatsApp da Wattpad, shagunan haya sun rufe, tsofaffin kwafi sun koma hannun mai ƙosai da mai tsire. Ɗaya daga cikin tarin da aka fi sani na waɗannan littattafai shi ne wanda Graham Furniss ya haɗa a makarantar SOAS ta Landan.

Masu tsoron zane suna da hujjarsu, kuma mutanen Head Bridge sun fi kowa sanin haka. A Fabrairun 2006 zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Denmark ya jawo tarzoma a Maiduguri, kwanaki kaɗan bayan nan aka yi ramuwar gayya a Anacha, aka kashe Hausawa da dama, aka ƙone masallatai, dubbai suka tsallaka gada zuwa Asaba da abin da ke jikinsu. Wanda ya ga wannan ba zai ce zane wasan yara ba ne. Uban da ba ya son ɗansa ya kwana da littafin matsafa a ƙarƙashin matashi ma yana da gaskiyarsa. Amma hana yaro karanta abu daban, shafe shi daga tarihin ƙasa daban. Ɗakin adana takardu ba ya yi wa abin da ya ajiye shaidar kirki. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna cike take da rahotannin Turawan mulki masu raina Hausawa, ba wanda ya ce a ƙone su, saboda da su ake gane yadda aka yi mulkin. Mai son ya san abin da ke ba talakan Kano tsoro a 1995, ko yadda yaron shago a Anacha yake hango birni a 1960, zai fi samun amsa a bangon waɗannan littattafai fiye da a rahoton ma'aikata.

Doka ma tana nan, aiki da ita ne babu. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai ɗab'i ya miƙa kwafi 3 na abin da ya buga, gwamnatin jiha kwafi 10, ta tarayya kwafi 25. Marubucin da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa a wata madaba'a a Fagge bai san da dokar ba, kuma ba wanda ya je ya same shi. Da an ta da maganar sai a nuna ginin hedikwatar ɗakin karatun a tsakiyar Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006 aka shafe shekaru ana jira, kamar dai adanawa ba za ta yiwu ba sai an buɗe shi. Gaines bai jira gini ba, ɗaki ya samu ya kulle. Ɗakin Karatu na Ƙasa yana da rassa a jihohi, ma'adanar takardun tarihi da Kenneth Dike ya assasa a 1954 tana da ofisoshi a Ibadan da Inugu da Kaduna, Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Kaduna. Wurin ajiya bai yi ƙaranci ba.

Abin da ake bukata ƙarami ne idan aka gwada shi da kuɗin taron bita guda a otal. A ware layi ɗaya a kasafin kuɗi don sayen tsofaffin littattafan kasuwa, a tura ma'aikata biyu ko uku su zaga Sabon Gari da Bata a Kano, da babbar kasuwar Anacha da zangon Head Bridge, su saya daga tsofaffin dillalai da masu shagon haya kafin magada su sayar a kan kilo. A rubuta wa Kansas da Landan a nemi kwafin na'ura na abin da suke riƙe da shi, wanda Kansas ta riga ta ɗora wani sashe nasa a intanet. Abin da ya fi gaggawa kuwa shi ne masu zanen. Na Anacha sun riga sun kuɓuce, amma waɗanda suka zana bangon littattafan Kano a shekarun 1990 da yawansu suna raye, wasu sun koma rubuta allon shago da zanen bayan mota, kuma marubutan da suka ba su aiki sun san inda suke. A je a ɗauki sunansu da muryarsu, a tambaye su nawa aka biya su a kan bango ɗaya da inda asalin zanen ya shiga, a kuma sanar da su abin da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadar musu, tun kafin wani dillali daga Chicago ya riga hukuma isa, kamar yadda aka riga aka yi da fastocin fina-finan ban tsoro da masu zanen Ghana suka yi a kan buhun fulawa.