Zomon Yara da Warin Tsakar Gida

Maganar yau wata 'yar'uwa ce ta taso da ita daga Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Ta ce 'yarta ta ga wata dabba a TikTok wai ita cincila, mai laushin gashi kamar auduga, ta tasa ta gaba da kuka sai an saya mata. Ga shi kuma akwai zomaye biyu na yayan yarinyar a bayan ɗakin girki, waɗanda warinsu ya hana ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida da yamma. An ce mata cincila ba ta wari. Shin ta rabu da zomayen ta nemo ta?

Bari mu sallami cincila tukuna. Asalinta daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasar Chile, inda ake sanyi da bushewar iska. Gashinta ya yi cunkoson da daga rami ɗaya na fatarta gashi sama da 50 ke fitowa, ba ta kuma yin gumi. Da zafi ya haura digiri 27 ta shiga haɗari. Ke kin san Katsina a watan Afrilu, ranar da ma'auni zai wuce 40 ga wuta an ɗauke tun safe. Sai dai idan kina da ɗaki mai na'urar sanyi da ba ta mutuwa dare da rana, har tsawon shekara 10 ko fiye da dabbar ke rayuwa. Gaskiya ne jikinta ba ya wari, a ƙura ma take wanka maimakon ruwa, amma tana fitsari kamar kowace dabba, kuma kejinta na wari idan an bar shi. 'Yar'uwa, ki lallashi yarinyar. Kukan da za ta yi yau bai kai wanda za ta yi ba ranar da ta tashi ta tarar da ita a sandare.

To, mu koma ga zomo, wanda shi ne a gidajenmu, shi da ɓeran Masar.

Ni ma na sha wannan. Shekarar da autana ya tara kuɗin barka da sallah ya dawo da zomaye biyu a kwali, murna muka yi. Kafinta ya haɗa mana akurki na katako, ƙasansa ma katako, muka jingina shi a lungun da ke tsakanin banɗaki da katanga don kada ya tare hanya. Ba a yi wata biyu ba surukata ta zo, ta tsaya a bakin zaure ta ce, “Wani abu ya mutu ne a gidan nan?” A daren Abbansu ya ba mu mako guda: ko warin ya tafi, ko zomayen su shiga tukunya. Yaron nan kwana ya yi bai ci tuwo ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da ke ma za ki yi, na ɗauko kasko na zuba turaren wuta. Kada ki wahalar da kanki. Turare da zarni idan suka haɗu, wani wari na uku suke haifarwa wanda ya fi na farko tayar da zuciya, hayaƙin kuma yana cutar da huhun dabbar.

Ki duba kashin zomo da kyau. Ƙwallaye ne busassu, yakan yi 200 zuwa 300 a rana, amma kusan ba su da wari, tsintsiya kawai suke so. Fitsarin ne matsalar. Idan ya kwanta a wuri mai laima, ƙwayoyin cuta suna narka shi ya koma iskar amoniya, wato zarnin nan mai yaji da ke sa ido ruwa. Zafi yana hanzarta shi, shi ya sa a bazara wuni ɗaya ya isa. A damina kuma, musamman watan Agusta, babu abin da ke bushewa. Idan ke da kike tsaye kina jin yajin, ki tuna hancin zomon a ƙasa yake, a ciki yake kwana, haka ma ɗanki da ke tsugunne a gaban kejin kullum. Wadda ɗanta ke da asma ta riƙe wannan da muhimmanci.

Kuskurena na farko katakon ƙasan ne. Katako yana shan fitsari kamar soso, kuma idan ya sha ya sha ke nan, ko kin kankare shi warin na ciki. Mun cire shi, mai walda ya sa raga mai ƙananan idanu, ya ɗaga kejin kamar tsawon gwiwa daga ƙasa, aka zura falankin kwano a ƙarƙashi wanda ake jawowa kamar durowa. Sai dai kada ki bar zomo a kan raga zalla, tafin ƙafarsa zai yi gyambo. Ki sa masa guntun tayil ko allo a gefe ɗaya inda zai kwanta. Tayil ya fi, ba ya shan ruwa, ga sanyi a lokacin zafi. Ɓeran Masar kuwa ba a sa shi a kan raga sam, ƙafafunsa ƙanana ne, sai ƙasa mai santsi da shimfiɗa mai kauri da ake canzawa a kai a kai, domin shi ko'ina yake fitsarinsa.

Zomo yana da wata ɗabi'a da za ta rage miki rabin aiki. Kusurwa ɗaya yake zaɓa, nan yake fitsari kullum. Ki sa yaron ya lura kwana biyu ya gano ta. A nan za ki ajiye tsohuwar roba mai faɗi, ki zuba abin da zai tsotse ruwa: ɓuntun shinkafa daga masu injin casa, ko ɓawon gyaɗa, ko sassaƙen katako mai kauri na wajen kafinta. Ki guji dusar katako mai laushi kamar gari, tana shiga hanci da ido. Ki ɗora 'yar harawa a kusa, domin zomo yana son ci yana biyan buƙatarsa a lokaci guda. Wannan robar ce za a zubar kowace safiya, minti biyar bai kai ba.

Na san da yawanmu toka muke barbaɗawa, haka muka ga ana yi a akurkin kaji. Toka tana busar da wuri, amma idan ta haɗu da ɗanyen fitsari tana ƙara tayar da zarnin sama. Yashi ya fi ta a cikin falankin ƙasa.

Sai farin dattin nan mai kama da alli da ke mannewa a kwano, wanda omo da buroshi ba sa fitarwa. Sinadarin kalsiyam ne da zomo ke fitarwa ta fitsari, kuma tsami ne ke narka shi. Ki haɗa ruwan kal fari, wato binega, da ruwa rabi da rabi, ki zuba ki bar shi kamar minti 10. Za ki ga yana ƙananan kumfa. Ki goge, ki ɗauraye, ki shanya a rana. In babu, lemon tsami ma yana yi. Sau ɗaya a mako ya isa, mu ranar Asabar muke yi. Ranar Katsina kuwa ba ta da na biyu wajen busarwa, kada ki mayar da komai keji da laima.

A nan ina so ki tsaya ki karanta da kyau, don yara ne za su riƙa wankin. Kada a zuba bilic, irin su Hypo, a kan fitsari kai tsaye, kada kuma a haɗa shi da ruwan kal. Duka biyun suna tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da ƙirji. Idan akwai dalilin amfani da shi, kamar dabba ta yi ciwo, a wanke da sabulu a ɗauraye tukuna, sannan a sa shi a tsarme, a sake ɗaurayewa, kuma ke za ki yi da hannunki a fili.

Lungun da muka ɓoye kejin shi ma laifi ne. Iska ba ta ratsa shi, warin sai ya taru ya jira mai wucewa. Mun mayar da shi ƙarƙashin darbejiya, inda akwai inuwa da iska, nesa da murhu da randar ruwa. Zomo ma ba ya jure zafi sosai, kada ki bar shi ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka.

Akwai warin da daga abinci yake zuwa. Dusar da aka jiƙa tana tsami kafin la'asar, ganyen latas da kabeji da aka bari suna ruɓewa, kwanon ruwa mara nauyi kuma zomo kifar da shi yake yi. Ki sa ruwa a kaskon ƙasa mai nauyi, ki ba da jiƙaƙƙen abinci daidai abin da za su cinye. Harawa da busasshiyar ciyawa su fi yawa a abincinsu. Idan kika fara ganin kashi mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, mai wari, wannan zomo yakan cinye shi ne da kansa, barinsa da ya yi alama ce an cika masa dusa da hatsi. Idan ya manne masa a baya a damina, ƙuda zai yi ƙwai a wurin, tsutsa ta fito, to sai asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ki hana yara yi masa wanka don wai ya daina wari, zomo da kansa yake gyara jikinsa, tsoma shi a ruwa na iya kashe shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba wari ba ne. Hatsin da ke zubewa ƙarƙashin keji ɓera yake kira, ɓera kuma shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, ga maciji da ke bin sawunsa. A share kafin magariba, dusa kuma ta zauna a bokiti mai murfi. Yaro ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa su, don ana iya ɗaukar makero daga jikinsu.

Kina iya yin duk wannan wari ya dawo idan kika manta da lissafi. Cikin zomanya kwana 31 ne kacal, tana iya haifar shida ko takwas, kuma tana iya sake ɗaukar ciki da ta haihu. Kejin da aka yi don biyu ba zai ɗauki goma ba. Ki raba namiji da mace tun suna wata uku. Namijin ne ma ke fesa fitsari a bango idan ya balaga, kuma nasa ya fi ƙarfi.

Namu zomayen sun tsira daga tukunya. Sharaɗin da na kafa wa autan shi ne babu karin kumallo sai an zubar da roba, ban kuma taɓa yi masa ba ko ranar da ya makara makaranta, in ban da lokacin da ya yi zazzaɓi. Abin da ake zubarwa yana tafiya gindin zogale da yakuwar da ke bayan gida, har maƙwabciyata ta fara aiko da bokiti.

Masu tantabara, na ga saƙonninku tun makon jiya. Ku rubuto min a ƙasa inda kuka ajiye ɗakinsu da yadda kuke yi da kashin da ke zuba a kan shanya, da ku za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.