Barci Ya Yi Nauyi, Gajiya Ba Ta Tafi Ba

Wani abokina ma'aikacin gwamnati, wanda iyalinsa ke Tsafe yake kuma aiki a Gusau, ya shafe shekaru yana minsharin da ake jiyowa daga zaure. Da aka gwada shi, sai aka gano numfashinsa na ɗaukewa sau da dama a kowace sa'a. Likita ya ɗora shi a kan na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta cikin takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe. A makon farko ya yi barcin da ya tsorata maiɗakinsa, har sai ta girgiza shi kafin ya tashi sallar asuba. Amma da hantsi yana ofis yana gyangyaɗi. Ya ce da ni zai jingine na'urar, tunda kuɗi ya tafi, gajiya kuwa tana nan.

Ina ganin da ya yi haka da ya yi kuskure, kamar yadda wanda ya ci gaba da sa na'urar yana haƙuri da kasala wata da watanni shi ma yake kuskure.

Mu fara da nauyin barcin. A wannan cuta, naman maƙogwaro kan saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokacin da ba zai tuna ba. Likitoci kan ƙirga wannan a kowace sa'a: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Wanda ake tayarwa sau talatin a sa'a da wuya ya daɗe a matakin barci mai zurfi ko matakin mafarki. Hausawa sun ce bashi hanji ne, to jiki ma yana rubuta nasa. Daren da na'ura ta buɗe hanya, sai ƙwaƙwalwa ta shiga biyan bashin: barci ya yi zurfi, mafarkai su yi yawa. Wanda aka tasa daga irin wannan barci kuwa yakan jima cikin magagi. Tun bayan da Colin Sullivan da abokan aikinsa a Sidni ta Ostireliya suka wallafa bayanin na'urar a 1981, likitoci ke ganin wannan a dararen farko, kuma yakan lafa da kansa.

Saboda haka nauyin barcin kwanakin farko yawanci alama ce ta cewa magani ya kama. Abin tambaya shi ne gajiyar da ta ƙi tafiya bayan makonni, kuma a nan ne yanayinmu na Zamfara ke shigowa.

Na farko wuta. Na'urar ba ta warkar da cutar, tokare hanyar iska take yi muddin tana aiki. Idan aka ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, cutar na dawowa a daren, kuma a mafi munin lokaci, domin matakin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, a cikinsa kuma numfashi ya fi ɗaukewa. A Amurka mafi ƙarancin abin da ake ƙirgawa a matsayin bin magani shi ne sa'a 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, amma mai son ya wartsake yana buƙatar daren gaba ɗaya. Wanda zai sayi na'ura a Gusau ko Bungudu, ya sa batir da inbata ko sola a cikin lissafin kuɗin magani tun farko.

Na biyu takunkumi da hanci. Idan iska na zurarewa ta gefe, ko ƙurar hunturu ta toshe hanci har mutum ya koma numfashi da baki, ƙarfin iskar ba ya isa inda ake so. A zafin bazara kuma mutane da yawa kan fizge takunkumin cikin barci ba su sani ba.

Na uku gajartar daren kansa. Wanda ya kwanta sha biyu ya tashi biyar, ya yi barcin sa'a biyar, komai kyan na'urarsa. Akwai kuma abin da littattafan likitancin Turai ba su lissafa ba. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka koya wa mutane kwana da kunne ɗaya a buɗe, nauyin barci kansa abin tsoro ne. Abokina ya faɗa mini akwai dararen da yake cire takunkumin da gangan don ya ji motsin waje. Ba zan ga laifinsa ba, amma likitansa ya kamata ya san wannan.

Na huɗu, gajiya tana da iyaye da yawa: ƙarancin jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ciwon damuwa, da magungunan sa barci, waɗanda wasunsu ke ƙara ɗauke numfashi.

Wani zai ce wannan ciwon masu hali ne a jihar da ke fama da manyan matsaloli. Binciken da mujallar Lancet ta cututtukan numfashi ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 na da cutar a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma na sahun gaba. Tana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, kuma direban da ba a yi wa magani ba haɗarinsa a hanya ya fi ninki biyu. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Mai tuƙi daga Tsafe zuwa Gusau a kan hanyar Funtuwa, ko daga Bungudu a kan ta Sakkwato, gyangyaɗin daƙiƙa uku ya ishe shi, shi da fasinjojinsa.

Shawarata ita ce a auna magani da yadda yini ke kasancewa. Akwai ma'aunin Epworth na 1991, tambayoyi 8 masu maki 0 zuwa 24, wanda ya haura 10 yana da gyangyaɗin da ya wuce kima. Yawancin na'urorin zamani kuma suna adana sa'o'in amfani, yawan zurarewar iska da ragowar ɗaukewar numfashi. A kai wannan bayani ga likita, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko duk inda aka yi gwajin, a nemi a duba jini da suga, kada kuma a taɓa ƙarfin iskar ba da izininsa ba.

Abokina ya sauya takunkumi, ya haɗa na'urar da batir, ya riƙa kwanciya bayan isha'i da sa'a ɗaya. Har yanzu bai koma tuƙi da kansa ba, yana jiran likita ya sake duba shi a ƙarshen wata.