Kabari Nawa Aka Haƙa A Wannan Mako?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk wanda ya saba fita jana'iza a Birnin Kudu ko Gwaram ya san ba kowane mako ne mutuwa ke ɗauka daidai da na baya ba. Akwai makon da makara za ta kwana bakwai jingine a bangon masallaci, akwai kuma wanda kafin a dawo daga binne wannan an riga an aiko da rasuwar wancan. Idan zafi ya tsananta wajen Maris da Afrilu sai a fara jin labarin sanƙarau da ƙyanda. Idan damina ta yi nisa sai amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro su shiga ɗauke yara. Kowa ya san wannan a baki. To amma a tambayi mutum nawa aka binne a garin makon jiya, da kuma irin makon a bara, da wuya a sami mai amsa.

Wasu ƙasashen ba haka suke ba. A birnin Landan tun shekarar 1603 ake fitar da adadin mamata mako-mako, har yau kuma Ingila ba ta daina ba. A Afirka ta Kudu da irin wannan lissafi aka gano cewa a shekarun korona an sami ƙarin mamata kusan 300,000 a kan abin da aka saba, alhali waɗanda hukuma ta rubuta cewa cutar ta kashe kimanin 100,000 ne.

A Nijeriya kuwa, tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai dai mafi yawan mace-mace ba sa shiga wannan rajista. Hukumar NCDC tana fitar da rahoto duk mako, amma na wasu zaɓaɓɓun cututtuka ne da labarinsu ya isa ga ma'aikatan lafiya. Talakan da ya cika a ɗakinsa da asuba aka kai shi makwancinsa kafin azahar, babu littafin da ya shiga.

Abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020 ya isa darasi. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa fiye da ƙima, mahukunta suka yi ta musantawa da kewaye-kewaye. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an sami mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, a lokacin da abin ya tsananta ana binne mutum 43 a rana maimakon 11 da aka saba, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. Wannan adadi sai da aka bi maƙabartu da gidajen mamata kafin a haɗa shi. Ya fito ne bayan ƙasa ta rufe idon dattawa da malamai masu yawa.

Jigawa ma ta ɗanɗana nata. A annobar kwalara ta 2021, wadda aka lissafa ta kama mutum 111,062 a faɗin ƙasar ta kashe 3,604, Jigawa na cikin jihohi huɗu da suka fi jin jiki, tare da maƙwabtanta Bauchi da Kano, da kuma Zamfara. A sanƙarau na 2022 zuwa 2023 fiye da rabin waɗanda ake zaton sun kamu a ƙasar 'yan Jigawa ne. Waɗannan ma waɗanda aka gani ne kawai.

Wani zai ce ai mutuwa hukuncin Allah ce, ƙirga gawa na mene ne? Babu shakka rai ba ya wuce ajalinsa. Amma Manzon Allah (S) ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana mutanensa fita daga cikinsa. To ta yaya al'umma za ta yi aiki da wannan umurni alhali ba ta san annoba ta shigo ba sai ta ci rabin unguwa? Wanda ya san garinsu kan binne mutum biyar a mako, ranar da ya ga sha biyar zai san akwai magana. Wanda bai taɓa ƙirgawa ba sai dai ya ce "bana ana ta rasuwa," ya koma gida ya sha daga rijiyar da ta gurɓace.

Wannan aiki bai fi ƙarfin matasa ba, domin su ne riƙe da diga da shebur, su ne kuma ke ɗaukar makara. Abin da ake buƙata littafi ne ɗaya a kowace maƙabarta, a hannun amintattu biyu, da sanin liman da mai unguwa. A rubuta rana, namiji ne ko mace, jariri ne ko yaro ko babba, da irin ciwon da iyalai suka ambata, musamman macen da ta rasu wurin haihuwa. Kada a tsananta wa masu makoki da tambaya, kada kuma a fitar da sunan kowa. Duk Juma'a a haɗa jimla. Idan adadi ya tashi, ko aka ga mutum uku sun tafi da ciwo iri ɗaya a unguwa ɗaya, a garzaya wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da takarda a hannu. Mahukunta kan iya kiran magana jita-jita, amma rubutaccen lissafi yana da wuyar turewa.

Rajistar mamata nauyin gwamnati ne, kuma wajibi ne a ci gaba da neman ta sauke shi. Kafin nan, littafin naira ɗari biyar da biro sun isa a fara daga Juma'ar nan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya kare al'umma daga annoba. Wassalam.