Keken golf da mota: ba a raba titi tsakanin ƙwai da dutse

A daren 28 ga Afrilun 2023, a garin Folly Beach da ke gaɓar teku a jihar Karolina ta Kudu, wata amarya da angonta sun baro wurin liyafar aurensu a cikin keken golf. Ba su yi nisa ba wata mota ta afko musu ta baya. Amaryar ta rasu nan take, angon kuma ya ji munanan raunuka. Matar da ke tuƙa motar a buge take, tana gudun mil 65 a awa, wato kimanin kilomita 105, a titin da doka ta ƙayyade mil 25. A Disambar 2024 kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 25.

An yi ta maganar laifin direbar, kuma laifinta a bayyane yake. Sai dai akwai tambayar da hukuncin kotu bai amsa ba: me ya sa titin da aka yarda keken da ba shi da ƙofa ya bi ya kasance titin da mota za ta iya kai gudun kilomita 105 a kansa ba tare da wani abu ya tare ta ba?

Keken golf shi ne 'yar ƙaramar motar nan mai ƙafa huɗu, mai rumfa, marar ƙofa, wadda yawanci ke aiki da batir. Wanda ya je aikin Hajji ko Umra ya ga irinta tana ɗaukar tsofaffi a harabar Masallacin Harami, haka ma a manyan filayen jiragen sama. An ƙera ta ne don ɗaukar 'yan wasan golf da sandunansu a kan ciyawa, inda babu tirela, babu mahaɗar titi. A Amurka ta daɗe da barin ciyawar. A jihohin kudu masu ɗumi, irin su Fulorida da Jojiya da Karolina ta Kudu, da ita ake kai yara makaranta, da ita ake zuwa cefane, da ita tsofaffi ke zuwa ganin likita. Hukumomin garuruwa kuwa sun fi karkata ga nasiha: alluna da ƙasidu masu kiran kowa ya yi haƙuri da ɗan'uwansa, a raba titi cikin mutunci. Nasihar ba ta da aibi, amma ba ita ce ke hana mutuwa ba. Idan abin hawa biyu suka bambanta ƙwarai a nauyi da gudu, abu biyu kawai ya rage wa hukuma: ko ta raba musu hanya, ko ta karya gudun babban har ya kusanci na ƙaramin.

Dalilin lissafi ne. Keken golf da fasinjojinsa bai cika wuce kilo 600 ba. Motar a-kori-kura samfurin Ford F-150, wadda danginta suka shafe fiye da shekara 40 suna kan gaba a ciniki a Amurka, ta haura tan biyu. Idan abubuwa biyu suka yi karo, sauyin gudun da kowanne ke fuskanta yana bin akasin nauyinsa. A ce motar kilo 2,400 ce: girgizar da za ta sami keken ta ninka ta motar sau huɗu. Wanda ke cikin motar yana da ƙarfen da aka tsara ya lanƙwashe ya shanye bugu, yana da jakar iska, yana da ƙofa. Na cikin keken ba shi da ko ɗaya. Ƙarfin bugun kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ya fi shi hanzari: gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Motar da ke gudun kilomita 56 tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka sau uku na wadda ke gudun kilomita 32. Ta Folly Beach kuwa tana ɗauke da kusan ninki bakwai na abin da dokar titin ta yarda da shi. Wanda ya taɓa zama a Adaidaita Sahu tirela ta gifta ta gefensa ya san wannan lissafi a jikinsa, ko da bai taɓa rubuta shi a takarda ba.

Abin mamakin shi ne dokar Amurka ta san wannan, amma ta tsaya a tsakiyar hanya. A 1998 hukumar tarayya mai kula da lafiyar ababen hawa, NHTSA, ta ƙirƙiri wani rukuni na musamman da ta kira ababen hawa masu ƙaramin gudu: waɗanda ƙarshen gudunsu ya wuce mil 20 amma bai haura mil 25 a awa ba, wato tsakanin kilomita 32 da 40. Ta wajabta musu fitilun gaba da na baya, da sigina, da madubi, da gilashin gaba, da bel, da birkin ajiya, da lambar shaidar ƙira. Ba ta wajabta musu gwajin karo irin wanda ake yi wa motoci ba. Keken golf na asali, wanda gudunsa bai wuce mil 20 ba, ko wannan rukunin bai shiga ba. An bar wa jihohi da ƙananan hukumomi su yanke inda zai bi. Su kuma jihohi, akasarinsu, sun yarda masu ƙaramin gudun su hau duk titin da iyakar gudunsa ba ta wuce mil 35 ba, kilomita 56 ke nan, har ma su tsallaka manyan hanyoyi a mahaɗa.

Wannan adadi na mil 35 shi ne kuskuren. A 2010 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta gwada abin a aikace. Ta ɗauki irin wannan abin hawa samfurin GEM e2, ta sa ƙaramar mota Smart Fortwo, wadda ke cikin mafi ƙanƙantar motocin da ake sayarwa a ƙasar a lokacin, ta buge shi a gefe da gudun mil 31. Na'urorin da ke jikin mutum-mutumin gwajin sun nuna raunukan da za su iya kashe mutum ko su nakasa shi. Ƙaramar mota ke nan, a gudun da bai ma kai iyakar da doka ta halatta ba. Kuma kowa ya san direba a titin mil 35 ba ya tsayawa a 35.

Hanya mafi dacewa ta fahimtar mutumin da ke cikin keken golf ita ce a ɗauke shi kamar mai tafiya a ƙasa da ya sami kujera, don kariyar da ke gare shi ba ta fi ta mai tafiyar da yawa ba. A 2011 gidauniyar binciken haɗurra ta ƙungiyar direbobi ta AAA ta ƙiyasta cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge da gudun mil 23 yana da haɗarin mutuwa na kashi 10 cikin ɗari, a mil 32 kashi 25, a mil 42 kuwa kashi 50. Irin wannan lissafi ne ya sa Suwidin, wadda majalisarta ta amince da manufar kawar da mace-macen titi a 1997, da Holand, suka ɗauki kilomita 30 a awa a matsayin gudun da ya dace a duk inda mota ke cakuɗa da marasa kariya. Injiniyoyin Holand suna da ƙa'ida bayyananna: abubuwan da suka bambanta a nauyi da gudu da alkibla kada su haɗu a hanya ɗaya, in kuwa dole ne su haɗu, to a hankali.

A cikin Amurkan ma akwai garin da ya bi hanyar farko, ta rabawa. Peachtree City, kudu da Atlanta a jihar Jojiya, gari ne da aka tsara shi a takarda kafin a gina shi, aka kafa shi a 1959. Mazaunansa wajen dubu 40 ne, amma kekunan golf da aka yi wa rajista a cikinsa sun kai dubu goma. Yana da fiye da mil 100 na siraran hanyoyin kwalta da suka ratsa cikin bishiyoyi, suka haɗa unguwanni da makarantu da kantuna da wuraren ibada. Inda hanyar keke ta ci karo da manyan titunan jiha, masu lamba 54 da 74, an yi mata gada ta sama ko rami ta ƙasa. Ɗaliban babbar sakandaren McIntosh da kekunan suke zuwa makaranta, har an ware musu wurin ajiya. Uwa a garin na iya barin ɗanta mai shekara 15 ya tafi makaranta shi kaɗai, ba don direbobin Jojiya sun fi na sauran wurare ladabi ba, sai don a mafi yawan tafiyar ba zai haɗu da su ba. Haka The Villages a Fulorida, katafaren matsugunin 'yan fansho inda kekunan suka kai dubun-dubata, ya dogara da hanyoyinsa na daban da gadoji da ramukan ƙarƙashin titi.

Za a ce, kuma da gaskiya, ba kowane gari ne aka zana a farar takarda ba. Tsohon gari mai matsattsun tituna ba shi da filin shimfiɗa mil 100 na sabuwar hanya, gada kuma kuɗi take ci. A nan ne hanya ta biyu ke shigowa, kuma a nan ne darasin Folly Beach yake. Titin da amaryar ta mutu a kai iyakar gudunsa mil 25 ne, ƙasa da abin da dokokin jihohi ke nema. Allon yana nan, lambar tana jikinsa. Allo yana magana ne da direba mai hankali a jikinsa, wanda kuma ya sha ya bugu ba ya karatu. Abin da ke magana da kowa shi ne ginin titin: tudun rage gudu, da shatale-tale a mahaɗa, da matse faɗin hanya, da ɗaga wurin tsallakawa sama da kwalta. Miƙaƙƙen titi mai faɗi gayyatar gudu yake yi, ko me aka rubuta a bakinsa. Garin da ya ba keken golf izinin hawa titi ba tare da ya taɓa ginin titin ba ya ɗauki alhakin da bai shirya sauke shi ba.

Wasu na ganin mafita ita ce a kore kekunan daga titi baki ɗaya, su koma ciyawarsu. Wannan ra'ayi ya fi sauƙin faɗa, amma ya manta da waɗanda keken ya yi wa rana. A ƙasar da aka gina garuruwanta bisa zaton kowa na da mota, tsohon da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi yakan zama fursuna a gidansa. Keken yana mayar masa da kasuwa da maƙwabta. Ba ya hayaƙi idan na batir ne, ba ya cin wurin ajiya, kuma idan ya buge mai tafiya a ƙasa barnarsa ba ta kama ƙafar ta motar tan biyu ba. Tafiyar kilomita biyu don sayo burodi ba ta bukatar a-kori-kura. Idan akwai abin hawan da ya yi wa titin unguwa yawa, ba keken ba ne.

Wannan ba ya wanke masu keken daga nasu laifin, kuma nasu ba kaɗan ba ne. Wani bincike da aka buga a 2008 a mujallar likitancin rigakafi ta Amurka ya ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2006 kusan mutum dubu 148 aka kai sashen gaggawa na asibitoci saboda raunin keken golf, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne, kuma babban sanadi shi ne faɗowa daga keken, ba karo da mota ba. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Direba yana hagu, sitiyari na riƙe da shi. Idan ya karya kwana hagu da sauri, fasinjan dama, wanda ba shi da abin riƙo sai ɗan guntun ƙarfe a gefen kujera, sai ya zame waje, kansa ya daki kwalta. Yaran da ake zaunarwa a kujerar baya mai kallon baya, ƙafafunsu ba su kai ƙasa ba, su ne suka fi saurin faɗowa. Kekuna da yawa kuma a tayoyin baya kawai suke da birki, abin da ke sa su juyawa a gangara. Ga masu sauya injin don ya yi gudun da ba a ƙera firam ɗin dominsa ba, ga masu ɗaukar keken a matsayin abin hawan da ya halatta a tuƙa bayan an sha giya, alhali dokar tuƙi cikin maye ta hau kansa kamar yadda ta hau kan mota. A hanyoyin Peachtree City kuwa, inda ake cakuɗa da masu tafiya a ƙasa da masu keken ƙafa, keken golf ne ya koma dutse, su suka zama ƙwai.

Fulorida ta ɗan gyara nata ɓangaren. Kafin Oktoban 2023 yaro ɗan shekara 14 na iya tuƙa keken golf a titin da aka amince masa ba tare da ya taɓa zama jarrabawar tuƙi ba. Dokar da gwamna Ron DeSantis ya sa wa hannu a shekarar ta wajabta wa duk wanda bai kai 18 ba ya mallaki lasisi ko takardar koyon tuƙi, manya kuma su riƙe katin shaida mai hoto. Gyara ne mai kyau, kuma shi ne mafi arha, don bai ci wa jihar ko buhun siminti ɗaya ba. Ya shafi wanda ke riƙe da sitiyarin keken. Bai taɓa iyakar mil 35 ba, bai taɓa mahaɗar da keke ke tsallaka titi mai layi huɗu ba, kuma bai rage ko mil ɗaya daga gudun motar da ke tahowa ta baya ba.