Kafin ka sayi sola, tambayi kuɗɗin batir na biyu



Aikina na malamin gona yana kai ni ƙauyuka da yawa. A ƴan shekarun nan, duk garin da na shiga sai na ga baƙin faranti bisa shigifa ko bisa rumfa, yana kallon rana. Abin murna ne. Yara suna karatu da dare. An huta da sayen kananzir. An huta da aika yaro kasuwa don cajin waya. Amma in munka gama zancen iri da taki, sau da yawa maigida yakan ja ni gefe ya ce: "Malam, zo ka duba mini, solar nan ta mutu." In na je na duba, faranti lafiyarsa lau. Batir ne ya mutu.

A kakar bara na sauka gidan wani dattijo. Ya sayar da rago da buhun wake, ya sayi faranti da batir da ampul uku da ƴar tele. Mai kanti ya ce masa: "Baba, wuta kyauta har abada." Batir ɗin da anka ba shi na mota ne. Kafin damana ta faɗi, wuta ta fara ɗaukewa bayan isha'i, daga baya tun magariba. Da ya koma kasuwa anka faɗa masa kuɗɗin sabon batir, sai ya juyo gida. Rago ya tafi, wake ya tafi, faranti yana bisa ɗaki yana shan ƙura. Dattijon nan ba wawa ba ne. In kan hatsi ne ko kan bisashe, ba mai cutar sa a kasuwa. Lissafin batir ne ba wanda ya yi masa.

Ra'ayina shi ne wannan: wanda bai san inda zai samo kuɗɗin batir na biyu ba, bai shirya sayen sola ba tukuna. Rana kyauta ce, gaskiya ne. Amma ajiye wutarta zuwa dare ba kyauta ba ne.

Ku ɗauki faranti kamar gona, batir kamar rumbu. Gona tana bayarwa da rana, rumbu yana riƙewa, gida yana ci da dare. Sai dai a nan gonar ta fi rumbun daɗewa nesa ba kusa ba. Faranti mai kyau yana kai shekara 20, har 25, yana aiki. Kuɗɗinsa kuma ya faɗi ƙwarai a duniya: daga 2010 zuwa 2020 ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100. Shi ya sa kuke ganin sa a kowace kasuwa. Batir na dalma kuwa, ko mai kyau ne, a zafin ƙasarmu in ya yi shekara 3 ko 4 ya yi ƙoƙari. Ke nan faranti guda zai binne batir 6 ko 7 kafin shi ya tsufa. Mai kanti yana faɗin kuɗɗin na farko kaɗai.

Tun da kun yi karatun manya, kun iya lissafi, ku ɗauko alli mu yi tare. Kuɗɗin da zan rubuta misali ne. Kasuwar Maradi daban, ta Damagaram daban, ta Tawa daban, kuma farashi yana motsi. Kowa ya sa na kasuwarsu.

Mu ce batir na mota jikka 40, ya yi wata 8 ya mutu. Raba 40 gida 8: jikka 5 ke nan kowane wata. Mu ce batir na dalma wanda anka yi don sola jikka 90, ya yi shekara 3, watau wata 36. Raba 90 gida 36: jikka 2 da rabi kowane wata. To, wanne ne mai tsada? Wanda ya sayi na jikka 40 yana murna ya yi arha, alhali kuwa ninki biyu yake biya. In kuma kunka bi na jikka 90 har shekara 20, batir 7 ke nan, jikka 630. Farantin da ke ciyar da su, mu ce jikka 35, sau ɗaya tak. Ga inda kuɗɗin sola yake.

Me ya sa na mota ba ya daɗewa? Ba don jabu ne ba. Aikinsa ne daban. An yi shi don ya ba da ƙarfi mai yawa cikin ƙiftawar ido, ya tada inji, sa'an nan inji ya cika shi nan da nan. Dalmar cikinsa siririya ce. In ana tatsar sa kowane dare har ya kusa ƙarewa, dalmar tana ruɓewa tana zuba ƙasa. Na sola dalmarsa mai kauri ce, an yi shi don tatsa a hankali. Doki da jaki duka dabbobi ne, amma ba a kai doki ɗaukar taki kullum.

Akwai iri na uku, na litiyom. Ya fi sauƙin ɗauka, ba a zuba masa ruwa, kuma na kirki yana jure cikawa da tatsa sau dubu 2, har fiye. Mu ce jikka 240, ya yi shekara 8, wata 96: shi ma jikka 2 da rabi ne a wata. In ya kai shekara 10, ya koma jikka 2. Ban hana mai hali saye ba. Kuɗɗinsa ma ya sauka ƙwarai tun daga 2010. Amma ina jin tsoro biyu. Na farko, jikka 240 a lokaci guda sai an taɓa garke ko rumbu. Na biyu, akwatinsa a rufe yake, ba ka ganin abin da ke ciki, kuma ana iya cusa tsofaffin ƙwayoyi cikin sabon akwati. In ka yi asarar jikka 90 ka ji ciwo. In ka yi ta 240, gida duka ya ji. Kada a saye shi sai da faktir da garanti a rubuce, wurin mai kanti da ke zaune, ba mai tallan da zai bar gari gobe ba.

Yanzu mu zo ga abin da ke hannunmu, don rabin mutuwar batir mu ke jawo ta.

Manomin kirki ba ya share rumbu har ƙasa. Batir na dalma ma haka: rabi ake ci, a bar rabi. A jikinsa za ku ga an rubuta 12V da 100Ah, misali. Ku ninka 12 sau 100, ya ba da 1200. Wannan shi ne cikin rumbun. Naku 600 ne. Sa'an nan ku ƙirga masu ci. Kowane kaya an rubuta ƙarfinsa a jiki da harafin W, watau wat. A ninka wat da awoyin aiki. Ampul 3 masu wat 5, awa 5: 75. Rediyo mai wat 5, awa 4: 20. Cajin waya 3: wajen 40. Jimla 135. Gidan da bukatarsa ke nan ba ya bukatar babban batir. Na 40Ah ya ishe shi, har da saura, kuma kuɗɗinsa kaɗan ne. Amma a ƙara fanka mai wat 15 awa 6, a ƙara tele mai wat 30 awa 3, kowanne 90, jimla ta koma 315. In anka kawo firigo, lissafi ya canza gaba ɗaya. Abin da na fi gani shi ne a sayi batir don ampul, bayan wata biyu a kawo tele, bayan sallah a kawo fanka, maƙwabta kuma su jero wayoyi goma. Rumbu ɗaya, baki ya ƙaru, sai a ce rumbu ne marar albarka.

Faranti ma ya dace da batir. Mai wat 100 yana ba da wajen 400 zuwa 500 a yini in sarari ya yi kyau. Babban batir da ƙaramin faranti, batir ba ya cika. Batir na dalma da ke kwana da yunwa kullum, wani farin gishiri yana kama dalmarsa, daga nan ba ya ƙara karɓar wuta. A lokacin hazo da ƙura, a shafe faranti da tsumma mai laushi da sassafe. A watan Agusta, in anka yi kwana biyu da hadari, a kashe tele a bar ampul.

Sai zafi. A nan ni ma na yi kuskure, duk da karatun da na yi a lise. Batir ɗina na farko na ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano, kusa da taga, don waya ta yi gajarta. Bai cika shekara biyu ba. Masu ƙera batir suna auna kwanansa a zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri 10, kwanan batir na dalma yana raguwa da rabi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. A sa shi a ɗakin ƙasa mai sanyi, inda iska ke shiga, bisa katako, inda yara da ruwan sama ba su kai. Kada a kusanto shi da wuta ko taba, don yana fitar da iska mai kamawa lokacin da yake cika.

Akwai ɗan akwati da ake sawa tsakanin faranti da batir, masu kanti suna ce masa regilater. Shi ne mai tsaron rumbu. In batir ya cika, ya tsaida wuta. In ya yi ƙasa, ya yanke ampul. Mutane suna jin haushinsa don yana yankewa ana cikin kallo, sai su cire shi su haɗa waya kai tsaye. Kada ku yi. Kuɗɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na batir ba. Batir mai murafu kuma, a duba ruwansa kowane wata. In ya ragu, a ƙara ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Wanda anka rufe ruf, kada a buɗe shi.

A kasuwa, kada ku yarda da rubutu kaɗai. Fenti ba shi da tsada. Dalma nauyi gare ta. Batir na dalma mai 100Ah na gaskiya yana kai wajen kilo 30, kamar tiya 12 ta hatsi. In an rubuta 200Ah amma yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, ku bar shi nan. Ku ce a ɗora shi bisa sikeli. Ku ce a auna shi gabanku: cikakke yana nuna 12,6 ko sama kaɗan. Ku tambayi watan da anka ƙera shi, don batir yana tsufa ko a kanti yake zaune.

Ga masu garka da masu noman rani, a Jiratawa ko Ƙonni ko Galmi ko bakin wani tabki, shawarata dabam ce. In don ban ruwa ne, kada ku sayi batir sam. Akwai famfon da ke aiki kai tsaye da faranti. Rana ta fito, ruwa ya hau. A gina kwarmin siminti ko a ɗora tanki, a tara ruwa da rana, a ba albasa da marece. Tara ruwa ya fi tara wuta arha, kuma siminti ba ya mutuwa bayan shekara uku.

To, ina za a samo kuɗɗin batir na biyu? Ranar da anka kafa faranti, ranar za a buɗe asusu. Jikka 2 da rabi a wata, wajen dala 17 ke nan a yini. Bai kai abin da wasu gidaje ke kashewa da can kan kananzir da ƴan batir na tocila da cajin waya ba. Kuɗɗin da anka daina kashewa bai zama riba ba, na batir ne. Wanda ke yi wa mutane caji yana karɓar kuɗɗi, ya fara cire na asusu kafin na goro. A wannan fanni iyayenmu mata sun riga mu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da sunka soma a jihar Maradi a 1991, sun nuna cewa zubin mako-mako yana gina abu babba. Ƙungiyar manoma kuma tana iya haɗa masu bukata 10 ko 20 bayan kaka, a tafi wurin mai kanti guda, a yi ciniki da baki ɗaya, a karɓo faktir. Mai kanti yana iya juya wa mutum ɗaya baya. Gari guda ba ya so ya rasa.

Ina roƙon hukuma ita ma ta duba. Ƙasarmu ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin hasken rana na ONERSOL tun daga 1969. A Malbaza an buɗe tashar sola a 2018, a Goru Banda kusa da Yamai an buɗe babba a 2023. Amma wutar NIGELEC ba ta kai mafi yawan ƙauyuka ba, kuma mutumin ƙauye da aljihunsa yake sayen haskensa. Kamar yadda ake duba iri da maganin ƙwari, ya kamata a duba batir da ke shigowa kasuwa, a kuma koya wa samari biyu ko uku a kowane gari aikin aunawa da gyara.

Saura batir da ya mutu. Kada a fasa shi a gida. Kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda bisashe ke sha. Kada a narka dalmarsa a murhu. Dalma guba ce, kuma yara ta fi kamawa. A wata unguwa ta gefen Dakar, a ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sunka mutu saboda ƙurar dalmar tsofaffin batir da ake fasawa a unguwar. A kai shi yadda yake wurin mai kanti ko masu sayen tsohon batir. Yana da kuɗɗi, a sa a rage maka cikin na sabo.

Dattijon da na faɗa muku, mun zauna mun yi lissafi a ƙasa da tsinke. Ya ajiye tele tukuna. Ya sayi ƙaramin batir na sola da regilater, ya mai da su shigifar da ke ƙarƙashin bedi. Uwargidansa ke riƙe da asusun. Wanda ke so a yi masa irin wannan lissafi, ya rubuto abin da ke jikin farantinsa da batir ɗinsa da kayan da yake kunnawa, ya ba malamin gona na yankinsu ko malamin karatun manya.