Kifin da ba ya gani, da ruwan da muke zubarwa

Yau za mu leƙa ƙasar Meziko, inda ake da wani ɗan kifi mai suna Astyanax mexicanus da ke zaune a cikin koguna masu duhu. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, jikinsa fari-fari ne, kuma ba shi da ido. Masana sun fara bayaninsa a 1936. Yana gane hanya da abinci ta wasu jijiyoyi da ke gefen jikinsa, masu jin motsin ruwa.

Masu bincike na hayayyafa shi a akwatin gilashi. Sukan ƙara wa mace da namiji abinci, su ɗaga ɗumin ruwan kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki, har macen ta zuba ƙwai. Nan take a raba iyayen da ƙwan, domin cinyewa suke yi. Cikin kwana guda sai ya ƙyanƙyashe. Ɗan tayin yakan fara yin ido, daga baya idon ya lalace, fata ta rufe shi, ko da an rene shi cikin haske. Makantar gado ce. A 2008 wani masani a Jami'ar New York, Richard Borowsky, ya haɗa makafi daga koguna daban-daban, sai ga wasu 'ya'yansu suna gani. Masu shirin WAEC da NECO, ku riƙe wannan a darasin gado.

Mu ma a Afirka muna da irinsa. A kogon Aigamas na Namibiya akwai makauniyar tarwada, 'yar uwar wadda muke gasawa a Kano. Duk duniya can kaɗai take, kuma janye ruwan ƙarƙashin ƙasa na barazanar ƙarar da ita.

To ina ruwanmu? Kifin da ya jure rashin ido ba ya jure gurɓataccen ruwa. Mai kiwonsa ba ya zuba masa ruwan famfo sai ya kawar da sinadarin kilorin, kuma yana sauya wani ɓangare na ruwan kowane mako. Mu kuwa a Bompai, dattin masana'antu na gangarawa rafin Getsi, ya haɗe da Jakara, ya tafi dam ɗin Wasai, inda ake su da noman rani. Na majemun Sharada da Challawa yana ƙarewa a kogin Challawa. Kifin can da ganyen can, kasuwanninmu suke dawowa.

Ga aikin mako. Ku roƙi malaminku na kimiyya ya taimaka muku da 'ya'yan tarwada biyar da bokiti mai tsabta. Ku rubuta ranar da kuka sauya ruwa, da launinsa, da yadda kifin ke cin abinci. Kada wanda ya taɓa ruwan kwatar masana'anta da hannu. Ku aiko mana da abin da kuka gani, za mu buga a wannan shafi.