Jirgin Fujian: Sin ta samu jirgi, saura gwanayen sauka a kansa

Ranar 5 ga Nuwamba 2025, shugaba Xi Jinping ya ƙaddamar da Fujian, jirgin ruwan yaƙi mai dakon jiragen sama na uku da ƙasar Sin ta mallaka, a birnin Sanya. Tun daga lokacin ake ta lissafi: Amurka na da 11, Sin na da 3. Sai dai wannan lissafin ya bar abu mafi wuya a baya, wato matuƙan da za su iya sauka kan jirgin dare da rana.

A filin jirgin sama na tudu, matuƙi na da titi mai tsawon kilomita biyu ko uku. A teku kuwa, filin tafiya yake yi, igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa. Jirgin yaƙi na zuwa da gudun kusan kilomita 240 a awa, kuma dole ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu da aka shimfiɗa. In ta kama, jirgin zai tsaya cikin kusan daƙiƙa biyu. Shi ya sa da zarar tayoyi sun taɓa, matuƙi ke ba injin cikakkiyar wuta maimakon ya rage: in ƙugiya ta kuskure, zai iya sake tashi, kada ya afka ruwa.

Amurka ta fara wannan tun 1911, lokacin da Eugene Ely ya sauka kan jirgin Pennsylvania. Sin kuwa sai a Nuwamba 2012 jirginta samfurin J-15 ya yi saukar farko kan Liaoning, kuma a 2016 matuƙi Zhang Chao ya rasa ransa yana atisayen irin wannan sauka a tudu.

Ko tsofaffin hannu ba su tsira ba. A Mayu 2025, wani F/A-18 ya faɗa Bahar Maliya daga jirgin Amurka Harry Truman bayan igiyar ta kasa riƙe shi. Matuƙan biyu sun tsira. A 2016 Rasha ta yi asarar jirage biyu daga Admiral Kuznetsov a gaɓar Siriya, duk saboda matsalar igiya.

Gwanintar kuma dusashewa take yi in an bar ta. A 2018, sa'ilin da ake gyaran Charles de Gaulle, Faransa ta tura matuƙan Rafale Amurka su yi ta sauka kan jirgin George Bush, don kada hannu ya kwanta.

Babu shakka Fujian ci gaba ne. Na'urarsa ta cilla jirage da lantarki take aiki, abin da a da Amurka kaɗai ke da shi, kuma hakan zai ba jiragen damar tashi da man fetur da makamai masu yawa. Amma a duk wata taƙaddama kan Taiwan, abin da zai yi tasiri shi ne sau nawa jirage za su tashi su dawo lafiya, cikin duhu da iska, tsawon makonni. Kamfanin ƙera jirage zai iya gama aikinsa cikin ƴan shekaru. Horar da matuƙa da ma'aikatan doron jirgi zai ɗauki lokaci fiye da haka.